Wutar Lantarki a Samaru da Sabon Garin Zariya: Ta Ina Ƙarfinta Yake Bi?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Samaru ko a Sabon Garin Zariya ya san shewar da yara kan yi da daddare idan an kawo wuta. Kafin a rufe baki unguwa ta haskaka, fanka ta fara juyawa, injin markaɗe ya tashi. Mu Hausawa mun ba wannan abu sunan wuta, muna cewa an kawo ta, an ɗauke ta, ko kuma firij kaza yana shan wuta. Waɗannan kalmomi sun sa yawancinmu muna ɗaukar lantarki kamar wani ruwa da ake turowa cikin waya daga nesa, kayan aiki su shanye shi.

Ni ma haka na riƙa koyar da yara a shekarun da na yi ina karantar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Samaru. Wata rana na kai rediyona gyara wurin wani dattijo a kasuwar Sabon Gari. Da ya ji aikina sai ya ce, "Malam, ina da tambaya. Kun ce wuta kamar ruwan famfo take. To, ruwan famfo bututu ɗaya ake ja masa, ba ya komawa. Me ya sa wuta sai da waya biyu? In kuwa komawa take yi, kuɗin me muke biya?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci." Gaskiyar magana ba ni da amsar da za ta gamsar da shi a ranar, domin abin da na haddace shi nake maimaitawa.

Wannan maƙala ita ce amsar da na samu bayan bincike. Na rubuta ta ne domin 'yan'uwana malamai, saboda kuskuren da malami ɗaya ya koyar yakan bi ɗaruruwan yara har girmansu, da kuma iyayenmu dattawa, saboda a cikin wannan bayani akwai abin da ya shafi tsare rayuka.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Waya da Wuta a Wannan Yanki

Sabon Garin Zariya ya bunƙasa ne sakamakon zuwan jirgin ƙasa. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a shekarar 1911, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban suka zauna a kusa da tasha. A gefen layin dogo akan kafa turakun wayar tangaraho domin tashoshi su riƙa sanar da juna tasowar jirgi. Ke nan wayar da kakanninmu suka fara gani a sama saƙo take ɗauka, kafin a zo ga wayar haske. Samaru kuwa ta samu tashar binciken aikin gona a shekarar 1922, sannan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda a yau take da sashen koyar da injiniyancin lantarki da kuma Cibiyar Binciken Makamashi da Horaswa, inda aka tayar da ƙaramin injin nukiliya na bincike a shekarar 2004.

A matakin ƙasa, an fara samar da lantarki a Legas a 1896. Hukumar ECN ta fara aiki a 1951, aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar kula da madatsun Neja aka samar da NEPA, sunan da har gobe jama'a ke kiran wutar gwamnati da shi. Madatsar Shiroro ta fara aiki a 1990. A 2005 NEPA ta koma PHCN, a 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu.

Wutar da ke zuwa Zariya tana tasowa ne a kan manyan wayoyi masu ƙarfin bolt 330,000 zuwa tashar Mando a Kaduna. Daga nan ake rage ta zuwa bolt 132,000 a turo ta Zariya, a sake ragewa zuwa 33,000 da 11,000, har taransifomar unguwa ta sauko da ita kimanin bolt 230 da muke amfani da shi a gida. Mai karatu ya riƙe wannan jeri na taransifomomi, domin za mu dawo kansa.

3.0 Abin da ke Cikin Waya

Domin a fahimci babban abu, gara a fara da ƙarami. Mu ɗauki tocila irin ta da, mai batir biyu da ƙwai mai siririn zaren ƙarfe. Kowane batir yana da bolt 1.5. Akwai kan batir mai ɗan tudu da alamar tarawa, akwai gindinsa mai alamar ɗebewa. Idan aka haɗa kai da gindi ta hanyar waya da ƙwan fitila, an sami abin da zan kira zagayen lantarki. Makunni shi ne ƙofar da ke buɗe zagayen ko ta rufe shi.

Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, a cikin kowace ƙwaya kuma akwai caji iri biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna. Masu ɗauke da cajin ɗebewa su ne ake kira ilaktiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a Ingila a shekarar 1897. A cikin jan ƙarfe akwai ilaktiron masu ɗimbin yawa da ba a ɗaure suke ba, suna iya yawo. Abin lura shi ne tun daga masana'anta waya cike take da su. Wayar da ke rataye a shagon ɗan kasuwa a Sabon Gari, wadda ba a taɓa jona ta ba, tana da ilaktiron daidai da wadda ke aiki a bango. Batir ba ya zuba su, tura su yake yi.

To, da wane sauri suke tafiya? Idan amfiya 1 tana bin wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1, gangarawar da ilaktiron ke yi gaba ba ta wuce kimanin santimita 26 a awa guda ba, wato ba ta kai tsawon rular 'yan makaranta ba. Da irin wannan tafiya, kilomita 10, kwatankwacin nisan kasuwar Sabon Gari zuwa Samaru ta Kwangila, zai ci fiye da shekara 4. Dodon koɗi ma ya fi su sauri. Amma duk da haka, da an taɓa makunni fitila take kamawa.

Wutar gida ta ma fi wannan ban mamaki. Ita ba gaba kawai take yi ba, kai-kawo take yi sau 50 a kowace daƙiƙa. Saboda haka ilaktiron ɗin da ke cikin wayar ɗakinka karkarwa kurum suke yi a wuri ɗaya, tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba ko kusa. Bugu da ƙari, a cikin taransifoma naɗin wayar da ke karɓa da naɗin da ke fitarwa ba a jone suke ba, akwai abin da ya raba su. Ke nan babu ilaktiron ɗin da ya taso daga Kainji ko Shiroro ya bi waya ya shigo Samaru domin ya kunna fitila. Wani abu ne dabam yake isowa, shi ne makamashi, wato ƙarfin da ke juya fanka ya zafafa dutsen guga.

4.0 Cajin da ke Bayan Waya

Tambaya ta gaba ita ce, me yake tura ilaktiron ɗin da ke nesa da batir? Waya tana lanƙwasa, ta bi kusurwar ɗaki, ta hau rufi ta sauko. Ta yaya ilaktiron ya san inda zai karya kwana?

Kafin amsa, mu tuna abin da ke faruwa da hunturu. Idan mutum ya cire rigar sanyi a cikin duhu yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga tartsatsi. Yaro kan goga biro a gashin kansa ya ɗauki gutsattsarin takarda ba tare da ya taɓa su ba tukuna. Wannan caji ne da ya taru a bayan abu, kuma yana da tasiri a sararin da ke kewaye da shi. Wannan sarari na tasiri zan kira shi hurumin lantarki, kamar yadda gari yake da hurumin da ikonsa ya kai. Da damina ba a cika ganin haka ba saboda laimar iska tana zurarar da cajin.

Irin wannan caji yana nan a bayan kowace waya mai aiki. Da zarar an haɗa waya da batir, wani ɗan caji kaɗan yakan bazu a fatar ƙarfen, a ƙarƙashin robar da aka naɗe shi da ita. Ɓangaren da ke kusa da gindin batir yakan samu rarar ilaktiron a bayansa, ɓangaren da ke kusa da kai kuma ya samu gibi. Tsakanin waɗannan biyu yawan cajin yana sauyawa sannu a hankali tare da tsawon wayar. Cikin ƙarfen kansa ba ya da rara ko gibi. Gustav Kirchhoff na Jamus ya yi bayanin wannan a 1849, Wilhelm Weber ya ƙara faɗaɗa shi a 1852.

Manoman rani na bakin kogin Galma sun san cewa ruwa ba ya bin kwata sai an yi mata gangara, kuma inda kwata ta karya kwana sai an ɗaga kunya ta tare ruwan ya juya. Aikin cajin bayan waya ke nan. Bambancin yawansa daga wuri zuwa wuri shi ne gangarar da ke tura ilaktiron a cikin ƙarfe. A inda waya ta lanƙwasa, wasu 'yan ilaktiron sukan taru a gefen waje na kwanar, su kori masu zuwa su juya. Babu wanda ya tsara musu haka. Idan masu shiga wani sashe sun fi masu fita yawa, sai su taru, tarin ya rage saurin na baya ya ƙara wa na gaba, har shiga da fita su daidaita. Duk wannan yana kammaluwa cikin wani ɗan lokaci da ido ba zai iya kamawa ba, domin saƙon sauyin yana tafiya da saurin da ya kusanci na haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa.

A wurin zaren ƙwan fitila kuwa, hanya ta ƙuntace, ƙarfen kuma mai turjiya ne. Saboda haka caji yakan taru a bakin shiga da bakin fita, gangarar wurin ta yi tsanani, ilaktiron su kutsa da ƙarfi suna karo da ƙwayoyin ƙarfen har ya yi zafin da ya haura digiri 2,000 ya ba da haske. Amma adadin da ya shiga zaren shi ne ya fita, ko ɗaya ba ya ƙonewa. Wannan ita ce amsar tambayar farko ta dattijon: dole a yi waya biyu domin ilaktiron ba su ƙarewa a cikin fitila, in ba su sami hanyar wucewa ba sai su taru su tsayar da tafiyar gaba ɗaya.

Cajin da ke bayan wayar tocila kaɗan ne ƙwarai, ba zai ɗaga ko gutsuren takarda ba, shi ya sa littattafan makaranta suka daɗe ba su ambatonsa. A shekarar 1962 wani malami a Amurka mai suna Oleg Jefimenko ya zana zagayen lantarki a kan gilashi da tawada mai ɗaukar wuta, ya ba shi dubban bolt, ya barbaɗa irin ciyawa a kai. Sai ƙwayoyin irin suka jeru layi-layi a ciki da wajen zanen, hurumin ya fito fili kowa ya gani.

5.0 Hanyar da Makamashi Yake Bi

Akwai hurumi na biyu. A shekarar 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Danmak ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan aka kusanto da ita wayar da wuta ke bi. Wato tafiyar ilaktiron tana haifar da hurumin maganaɗisu, wanda ke kewaye waya kamar zobe a yatsa. Ke nan a sararin da ke gefen kowace waya mai aiki akwai hurumi biyu: na lantarki, wanda cajin bayan waya ya haifar, yana miƙe daga waya ɗaya zuwa 'yar'uwarta, da na maganaɗisu mai zagaye.

A shekarar 1884 John Henry Poynting na Ingila, bisa ƙa'idojin da James Clerk Maxwell ya shimfiɗa, ya nuna cewa duk inda waɗannan hurumai biyu suka gitta juna, makamashi yana gudana a wurin, kuma yana fuskantar ɓangaren da ya saɓa wa dukkansu biyun. Oliver Heaviside, wanda tsohon ma'aikacin tangaraho ne, shi ma ya kai ga wannan sakamako da kansa. Idan aka yi lissafin a kan zagayen tocila, sai a ga makamashi yana fita daga jikin batir zuwa sarari, ya bi gefen wayoyin biyu ta waje, ya shiga zaren fitila ta gefensa. Mafi yawansa yana tafiya ne dab da wayoyin, a cikin robar da kuma tazarar da ke tsakaninsu. Wani ɗan kaso yakan karkata ya shiga cikin jan ƙarfen ya zama zafi, shi ya sa siririyar waya takan yi zafi har ta narke idan aka ɗora mata kaya fiye da kima.

Misalin da ya fi dacewa da mutanen Sabon Gari shi ne layin dogo. Buhunan gyaɗa da audugar da aka riƙa lodi a tashar Zariya ba a cikin ƙarfen dogo suka tafi Legas ba, a kansa suka tafi, amma ba don dogon ba da ba su isa ba. Haka waya take ga makamashi, jagora ce. A waya ɗaya ilaktiron suna zuwa, a ɗayar suna komawa, amma makamashin da ke gefen kowaccensu fitila ya nufa. A wutar gida mai kai-kawo kuwa, hurumai biyun tare suke juyawa, saboda haka alƙiblar makamashin ba ta sauyawa, kullum daga tasha zuwa gida yake.

Shaidun wannan suna kewaye da mu. A taransifoma makamashi yana tsallakawa daga naɗi zuwa naɗi ba tare da mahaɗin waya ba. Wayar eriya ko ta dish tana da jan ƙarfe a tsakiya, farar roba, sannan saƙar ƙarfe a waje, kuma a cikin farar robar nan saƙon yake tafiya, shi ya sa idan ruwa ya shige ta hoto yakan lalace. Muryar gidan rediyon Kaduna tana iso mu babu waya, hasken rana ma da ke sauka a kan faifan sola a rufin gidajen Samaru haka yake zuwa.

Ga amsar tambaya ta biyu: ba ilaktiron muke saye ba, domin namu ne tun ranar da muka sayi waya. Makamashi mita take ƙidayawa. Ƙwai mai wat 100 idan ya yi awa 10 a kunne ya ci yunit 1. Shi makamashin ba ya komawa, yana zama haske da zafi da motsi.

6.0 Amfanin Wannan Ilimi

Na farko shi ne tsaron rai. Tunda ƙarfin wuta yana kewaye da waya, ba lallai sai an taɓa babbar waya take kisa ba. Idan mutum ya ɗaga rodi, ko sandar eriya, ko ya hau kan lodin mota a ƙarƙashinta, hurumin yana iya keta iskar da ke tsakani wuta ta tsallako. Zuzar da ake ji daga manyan wayoyi, musamman da damina, alama ce ta yadda cajin bayansu yake dukan iska. Wannan ne dalilin da ya sa doka ta keɓe fili mai faɗin mita 30 ga layin bolt 132,000, da mita 50 ga na 330,000, aka hana gini a ciki. Ina roƙon masu unguwanni da dattawa su sa ido, domin fili mai araha a ƙarƙashin babbar waya ba araha ba ne.

Na biyu, kashe fitila ba ya nufin waya ta mutu. Testar mai gyaran wuta takan haska a soket ko da ba a jona komai ba, saboda cajin yana nan a bayan wayar yana jiran hanya. Haka kuma kondansa ta fanka ko ta tsohuwar talabijin tana riƙe caji bayan an zare ta daga bango. Tsuntsun da ke zaune a waya ɗaya ya tsira ne domin ƙafafunsa biyu suna wuri mai gangara ɗaya. Mutumin da ke tsaye a ƙasa ba shi da wannan kariya.

Na uku ya shafi aji. Malami yana iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada, amma da batirin tocila kaɗai, kada a kuskura a gwada da wutar bango. Da hunturu a sa yara su goga biro su ɗauki takarda, su ga hurumin lantarki. A shimfiɗa waya a kan kamfas ɗin duba alƙibla daidai da tsawon allurarsa, a taɓa bakinta ga batir na ɗan lokaci kaɗan, su ga allura ta karkata. Sannan a jera ƙwai biyu iri ɗaya a layi guda, su ga haskensu daidai yake, na farko bai shanye rabon na biyu ba. Gani ya kori ji. Misalin ruwa a bututu yana da amfaninsa ga masu farawa, sai dai a faɗa wa yara iyakarsa tun da wuri.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa waya cike take da ilaktiron tun asali, tafiyarsu kuma a hankali take. Ɗan cajin da ke bayan waya shi ke yi musu gangara da jagora, shi ne kuma tare da hurumin maganaɗisu yake ɗauko makamashi ta gefen waya daga batir ko tasha zuwa fitila.

Da na koma wurin dattijon da wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗauko guntun wayar eriya ya yanka ya duba farar robar. Ya ce shekara da shekaru yana gaya wa yaran shagonsa kada su matse ta ko su bari ruwa ya shige ta, amma sai ranar ya san dalili. Akwai irinsa da yawa a Sabon Gari da Samaru, masu gyaran rediyo da masu wayarin da masu naɗin koyil, waɗanda hannunsu ya san aikin. Ina ba malamai shawara su riƙa kai ɗalibai wurinsu, su kuma saurari tambayoyinsu.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare mu da iyalanmu, amin.